Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Meksiko: Iko, Siyasa da Almundahana, 1943 zuwa 2018

Ranar 25 ga Fabrairu 1943 babu wata ƙungiya guda ɗaya da za ta iya cewa ita ce bakin malaman makaranta na ƙasar Meksiko. Shekara saba'in daidai bayan wannan, ranar 25 ga Fabrairu 2013, Shugaban Ƙasa Enrique Peña Nieto ya sa hannu a kan gyaran tsarin mulki wanda babban nufinsa shi ne ƙwato makarantun gwamnati daga hannun ƙungiyar malamai, kashegari kuma 'yan sanda suka kama shugabar ƙungiyar, Elba Esther Gordillo, tana sauka daga jirgi a filin jirgin sama na Toluca. Tsakanin waɗannan ranaku biyu ne ƙungiyar da ake kira SNTE a taƙaice ta girma har ta zama ƙungiyar ƙwadago mafi girma a duk ƙasashen Latin Amurka, da wakilai wajen miliyan ɗaya da rabi. Jaridun lokacin sun ɗauki al'amarin tamkar labarin wata mace ce mai haɗama. Amma wanda ya bi tarihin daga tushe zai ga cewa gwamnati ce da kanta ta gina wannan rumbu, ta zuba hatsi, ta kuma riƙa zaɓen wanda zai riƙe mabuɗi.

Bayan juyin juya-halin da aka fara cikin 1910, sababbin masu mulki sun sami ƙasa mai faɗi wadda yawancin mutanenta ba su iya karatu ba, kuma a karkara maganar limamin coci da ta mai gandu ta fi ta gwamnati ƙarfi. Cikin 1921 aka kafa Ma'aikatar Ilmi ta tarayya a ƙarƙashin José Vasconcelos, aka shiga tura malamai ƙauyuka. Malamin ƙauye a wannan zamani ba koyar da baƙi da wasali kaɗai ne aikinsa ba. Shi ne mai rubuta wa manoma takardar neman gona, shi ne mai bayyana musu doka, sau da yawa ma shi kaɗai ne wakilin gwamnati da suka taɓa gani da idonsu. A zamanin Shugaba Lázaro Cárdenas, daga 1934 zuwa 1940, da aka shigo da abin da aka kira ilmin gurguzu, malamai da dama sun rasa rayukansu a hannun masu adawa da wannan manufa, waɗansu kuma aka yanke musu kunnuwa don su zama abin ishara. Saboda haka tun farko malanta da siyasa a cuɗe suke a Meksiko, kuma ya kamata a riƙe wannan a zuci kafin a yi wa malaman hukunci.

Malaman wannan zamani sun rarrabu cikin ƙungiyoyi masu gaba da juna, waɗansu 'yan kwaminis ne, waɗansu na bin babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, waɗansu kuma masu ra'ayin riƙau. Shugaba Manuel Ávila Camacho, wanda ya gaji Cárdenas, ya ga wannan rarrabuwa ba za ta bar shi ya yi mulki cikin kwanciyar hankali ba. Sai ya sa aka tara su a babban taro a birnin Meksiko a ƙarshen Disamba 1943, aka narkar da su cikin ƙungiya guda, aka zaɓi masanin tarihi Luis Chávez Orozco ya zama babban sakatarenta na fari. Cikin Maris 1944 Shugaban Ƙasa ya fitar da doka cewa wannan ƙungiya ita kaɗai ce gwamnati ta sani, kuma Baitulmali ne zai riƙa cire kuɗin ƙungiya daga albashin kowane malami ya miƙa wa shugabanninta. Kuɗin nan kashi ɗaya ne cikin ɗari na albashi. A aljihun malami guda ba wani abu ba ne, amma in aka tara na mutum dubu ɗari, daga baya na miliyan, wata bayan wata, ba tare da wani mai binciken kuɗi ya leƙa littafin ba, to, an sami dukiyar da za ta iya sayen zaɓe.

Duk da haka ba kuɗin ne ainihin ƙarfin ƙungiyar ba, guraben aiki ne. Dokar ma'aikatan gwamnatin tarayya ta 1963 ta tanadi cewa rabin sababbin gurabe na matakin farko ƙungiya ce za ta kawo sunayen waɗanda za a ɗauka. Ƙarin girma kuma sai ya bi ta wani kwamiti wanda rabinsa wakilan ma'aikata ne rabinsa na hukuma. A takarda wannan adalci ne. Amma a aikace, hedimasta ɗan ƙungiya ne, sufeton makarantu ɗan ƙungiya ne, kuma ƙungiya ce ta kai su inda suke. Ke nan wakilin hukuma a kwamitin da wakilin ma'aikata duk yaran gida ɗaya ne. Malamar da aka tura ƙauyen da sai an yi tafiyar yini a kan alfadari, in tana so a dawo da ita kusa da mijinta, ba ofishin ilmi za ta nufa ba, wurin wakilin ƙungiya za ta. Haka mai neman rance daga hukumar fensho da kiwon lafiyar ma'aikata, da mai neman gida, da mai neman a ba shi gurbi na biyu don ya koyar safe da yamma. Dokar ta kuma hana a kafa ƙungiya ta biyu a ma'aikata guda, kuma sai cikin 1999 Kotun Ƙoli ta ce wannan hani ya saɓa wa tsarin mulki.

Daga nan ne al'adar gadon gurbi da sayar da shi ta samo asali. Malami in ya zo yin ritaya sai ya bar wa ɗansa ko 'yarsa gurbinsa, ko da yaron bai taɓa shiga kwalejin horon malamai ba, in kuwa ba shi da magaji sai ya sayar, wakilin ƙungiya ya sa hannu ya ɗauki nasa kason. Mutanen da ke wajen harkar suna ganin wannan ɓarna ce tsagwaronta. Malamin da ya yi shekara talatin kan albashin da bai isa ya sayi fili ba kuwa yana ganin gurbin nan shi ne kaɗai gadon da zai bar wa iyalinsa. Dukansu biyu suna da hujja, sai dai yaron da ke zaune a aji ba a tambaye shi ba.

Abin da gwamnati ke samu a madadin duk wannan a fili yake. Jam'iyyar da aka kafa cikin 1929, wadda ta ɗauki sunan PRI cikin 1946, ta mulki ƙasar shekara 71 ba tare da ta faɗi zaɓen shugaban ƙasa ba. Babu wata ƙungiya, har da rundunar soja, da ke da mutum a kowane ƙauye kamar ƙungiyar malamai. Su ne ke tara jama'a in ɗan takara zai zo, su ne ke zama a rumfunan zaɓe, waɗanda galibi a makarantu ake kafa su. Ladan shugabanninsu kuwa kujerun majalisa ne da shugabancin ƙananan hukumomi. Mutanen Meksiko suna kiran irin wannan shugaban ƙwadago da gwamnati ta ɗora charro, watau mahayin doki mai ado, laƙabin wani jagoran ma'aikatan jirgin ƙasa ne da gwamnati ta ɗaure wa gindi cikin 1948.

Mutum uku ne suka riƙe ƙungiyar malamai daga 1949 zuwa 2013. Na farko, Injiniya Jesús Robles Martínez, shekara uku kacal ya yi a kujerar babban sakatare, amma ya ci gaba da naɗa waɗanda suka biyo bayansa har fiye da shekara ashirin, yana kuma shugabancin wani bankin gwamnati. A zamaninsa ne malaman firamare na birnin Meksiko suka tayar da ƙayar baya ƙarƙashin Othón Salazar, suna neman ƙarin albashi da 'yancin zaɓen shugabanninsu. Cikin Afrilu 1958 'yan sanda suka yi musu dūka a babban dandalin birnin, su kuma suka mamaye harabar Ma'aikatar Ilmi fiye da wata guda. Cikin Satumba aka kulle Salazar a kurkukun Lecumberri. An sake shi bayan 'yan watanni, daga baya aka kore shi daga aiki, kuma har ya rasu cikin talauci a jihar Guerrero cikin 2008 ba a mayar masa da gurbinsa ba.

Na biyu, Carlos Jonguitud Barrios, ranar 22 ga Satumba 1972 ya shiga hedkwatar ƙungiyar da mutanensa ɗauke da makamai, ya kawar da yaran Robles Martínez, gwamnatin Shugaba Luis Echeverría kuma ta amince da abin da ya faru ba da ɓata lokaci ba. Jonguitud ya kafa wani rukuni nasa a cikin ƙungiyar, aka naɗa shi jagoransa na har abada. Ya shugabanci hukumar fenshon ma'aikata, ya yi gwamnan jihar San Luis Potosí daga 1979 zuwa 1985, ya kuma shiga majalisar dattawa. Muddin kuɗin man fetur na shigowa, ana gina makarantu ana ƙara gurabe, ba wanda ya isa ya taɓa shi. Amma a kudancin ƙasar, inda talauci ya fi tsanani, malaman da suka gaji da shi suka haɗu a jihar Chiapas cikin Disamba 1979 suka kafa wani ɓangaren 'yan tawaye a cikin ƙungiyar, wanda aka sani da CNTE. Ranar 30 ga Janairu 1981 aka harbe ɗaya daga cikin jagororinsu, Misael Núñez Acosta, kusa da makarantarsa a Ecatepec. An kama maharban, suka ce wani jami'in ƙungiyar ne ya biya su, daga baya suka tsere daga kurkuku.

Da rikicin bashi ya faɗa wa Meksiko cikin 1982, tsadar kaya ta cinye fiye da rabin darajar albashin malami cikin 'yan shekaru. Carlos Salinas ya hau mulki cikin Disamba 1988 bayan zaɓen da aka yi ta zargin maguɗi a cikinsa, yana kuma bukatar nuna cewa shi ne mai gida. Cikin Janairu 1989 ya tura soja suka kama jagoran ma'aikatan man fetur, Joaquín Hernández Galicia. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Cikin Afrilu malamai wajen rabin miliyan suka shiga yajin aiki, Jonguitud ya kasa mayar da su aji, sai aka kira shi fadar Shugaban Ƙasa, ya fito ya ba da sanarwar murabus. Wadda aka ɗora a madadinsa, Elba Esther Gordillo, yarinyarsa ce ta siyasa, haifaffiyar Comitán a Chiapas cikin 1945, wadda ta fara koyarwa tun tana ƙarama, ta kuma yi aiki a unguwannin talakawa na gefen babban birni. Malamai ba su zaɓe ta ba, kamar yadda ba su zaɓi wanda ta gada ba.

Gordillo ta fi magabatanta basira nesa ba kusa ba. Cikin Mayu 1992 gwamnati ta miƙa wa jihohi 31 ragamar makarantun firamare da na sakandare. Da yawa sun zaci wannan zai farfasa ƙungiyar gida 31. Ita kuwa ta amince da shirin bisa sharaɗin ƙungiya ta zauna guda ɗaya. Sakamakon haka sai aka riƙa cinikin albashi sau biyu a shekara, da farko da gwamnatin tarayya, sa'an nan kowane reshe ya koma ya matsa wa gwamnansa. Gwamna kuwa, wanda wa'adinsa shekara shida ne ba ƙari, ba shi da ƙarfin ja da mutanen da za su iya rufe masa kowace makaranta a jiha. Hanya mafi sauƙi ita ce ya ba su kwamishinan ilmi da manyan muƙaman ma'aikatar. Har wa yau ta cire sharaɗin da ya ɗaure ƙungiyar da PRI daga dokokinta. An yaba da wannan a matsayin ci gaban dimokuraɗiyya, alhali kuwa abin da ya haifar shi ne ƙuri'un malamai suka zama hajar da za a iya kai wa kowace kasuwa.

An ga amfanin wannan bayan PRI ta faɗi zaɓe cikin 2000. Gordillo ta ƙulla abota da sabon Shugaba Vicente Fox, tana kuma riƙe da muƙamin babbar sakatariyar PRI daga 2002, har rigima ta ɓarke tsakaninta da shugaban jam'iyyar, Roberto Madrazo. Cikin 2005 aka yi rajistar wata sabuwar jam'iyya mai suna Nueva Alianza, wadda kowa ya san ta malamai ce. A zaɓen 2006 jam'iyyar ta roƙi jama'a su ba ta ɗaya kawai daga cikin ƙuri'unsu uku. 'Yan takararta na majalisar wakilai sun sami ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya da rabi, ɗan takararta na shugaban ƙasa kuwa wajen 400,000 kacal. Felipe Calderón ya kayar da Andrés Manuel López Obrador da ratar da ba ta kai ƙuri'a 250,000 ba cikin fiye da miliyan 41. Ba wanda zai iya ƙidaya ƙuri'un da malamai suka kai wa Calderón, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Surukin Gordillo, Fernando González Sánchez, ya zama ƙaramin ministan ilmin firamare da sakandare, mutanenta suka karɓi hukumar fenshon ma'aikata da hukumar caca ta ƙasa, ɗan takararta kuma ya sami muƙami a harkar tsaro. Cikin Yuni 2011 ita da bakinta ta gaya wa 'yan jarida cewa yarjejeniya ce aka yi. Watau ma'aikatar da ya kamata ta zauna gaban ƙungiya ta yi ciniki a madadin jama'a, an damƙa sashenta mafi muhimmanci ga mijin 'yar shugabar ƙungiyar.

Cikin 2008 aka soma jarrabawar neman gurbin koyarwa, kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda suka zauna ba su ci ba, malaman jihar Morelos kuma suka rufe makarantu fiye da wata biyu, ɗaya daga cikin ƙorafinsu shi ne ana so a hana su barin gurbi ga magada. A wannan shekara ce Gordillo ta saya wa shugabannin rassa motoci ƙirar Hummer guda 59. Da surutu ya yi yawa sai ta ce ai an saye su ne don a yi caca da su a tara wa makarantu kuɗi.

Tuhumar da Babban Lauyan Gwamnati, Jesús Murillo Karam, ya karanta bayan kama ta cikin 2013 ita ce an karkatar da kusan peso miliyan 2,000 daga asusun ƙungiya ta hannun waɗansu 'yan tsakani, an biya bashin sayayya na fiye da dala miliyan 2 a kantin Neiman Marcus na Amurka, da kuɗin tiyatar gyaran jiki, da kula da jirgin sama, da gidaje a bakin teku kusa da San Diego a Kalifoniya. Babu wani abu a cikin jerin nan da ya zo wa mutanen Meksiko da mamaki, gama jaridu sun yi shekaru suna buga hotunan jakunkunanta da gidajenta, shugabannin ƙasa huɗu kuma sun zauna da ita suna murmushi. Abin da ya sake shi ne ta fito ta soki sabon shirin da ya ce za a riƙa jarraba malamai, wanda ya faɗi sau uku a cire shi daga aji. Cikin kwana biyu aka ɗora mataimakinta, Juan Díaz de la Torre, ya kuma ba da sanarwar goyon bayan shirin. Yadda ta shiga cikin 1989 haka ta fita.

Ƙidayar makarantu da malamai da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi a ƙarshen 2013 ta fi tuhumar Gordillo tayar da hankali, domin ta nuna ɓarnar ba a sama kaɗai take ba. An sami mutum fiye da 39,000 masu karɓar albashi waɗanda ba wanda ya san su a makarantun da aka ce suna aiki. Mutanen ƙasar suna kiransu matuƙa jirgin sama, wai don ba sa sauka sai ranar biya. An sami fiye da 30,000 da aka ɗauke daga aji, waɗansunsu suna aikin ƙungiya kan albashin gwamnati, da kusan 115,000 waɗanda sun yi ritaya ko sun bar aiki ko sun mutu amma sunansu na nan. Wannan kuwa ban da makarantu masu yawa a Chiapas da Oaxaca da Michoacán, inda aka hana masu ƙidaya shiga.

Waɗannan jihohi uku su ne sansanin 'yan tawayen CNTE, kuma labarinsu ya hana a ce matsalar ta charro ce kawai. A Oaxaca, cikin 1992, Gwamna Heladio Ramírez ya ba reshe na 22 ikon naɗa manyan jami'an hukumar ilmi ta jiha. Mutanen da suka taso don yaƙar Jonguitud, waɗanda suke zaɓen shugabanninsu a taro na gaskiya, sai ga shi sun mayar da halartar zanga-zanga ma'aunin ƙarin girma da canjin wurin aiki, yajin aiki kuma ya zama abin kowace shekara a jihar da yaranta suka fi kowa bukatar karatu. Amma fa su ne suka sha dūka da harsashi. Cikin Yuni 2006 Gwamna Ulises Ruiz ya tura 'yan sanda su tarwatsa zamansu a tsakiyar birnin Oaxaca, abin ya rikiɗe ya zama boren da ya ɗauki watanni aka kuma rasa rayuka. Cikin Yuli 2015 gwamnati ta ƙwace hukumar ilmin jihar daga hannunsu, ranar 19 ga Yuni 2016 kuma aƙalla mutum bakwai suka mutu a Nochixtlán sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu tare hanya.

Gordillo ta yi fiye da shekara biyar a tsare, mafi yawansu a asibiti, daga ƙarshe a gidanta. Cikin Agusta 2018, makonni kaɗan bayan PRI ta sake faɗuwa zaɓe, kotu ta kori ƙarar bisa cewa masu gabatar da ita ba su kawo hujjar da ta isa ba, ƙungiyar da aka ce kuɗinta ne aka ci kuma ba ta taɓa shigar da koke ba. A zaɓen wannan shekara jam'iyyar Nueva Alianza ta bi ɗan takarar PRI, ta rasa rajistarta ta ƙasa, cikin Nuwamba kuma, kwanaki kaɗan kafin a rantsar da López Obrador, Díaz de la Torre ya sauka, Alfonso Cepeda Salas ya hau. Cikin Mayu 2019 sabuwar gwamnati ta soke gyaran 2013 tare da jarrabawar da ke iya raba malami da ajinsa. Cikin 2024 Cepeda Salas ya shiga majalisar dattawa a ƙarƙashin tutar Morena, jam'iyyar López Obrador.